Zamzam ta Robar Hanci: Jinyar Wata Dattijuwa da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Hana Haɗiya a Makka

Hajiya shekararta 68. Tun tana amarya aka kawo ta Makka daga ƙasar Katsina, kuma ta fi shekara talatin tana sayar da tuwo a wani lungu da ke bayan Sharamansur, inda alhazanmu ke zuwa idan kabsa ta gundure su. Tana da hawan jini da ciwon suga, tana shan magani idan ta tuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren mata na wani asibiti a garin, kuma ni kaɗai ce mai jin Hausa a ɗakinmu a lokacin. Na ɓoye sunanta da na asibitin. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana masu aikin jinya, da kuma duk wanda ke da mai irin wannan ciwo a gida.

Yadda aka kawo ta

Bayan sallar isha'i ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, magana ta sarƙe. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge ta. Aka yi tofi, aka shafa mata man habbatus sauda, aka kwantar da ita. Sai da 'yarta ta zo da safe, ta ga uwar ba ta iya ɗaga ƙafa, ta ce wannan jalɗa ce, wato shanyewar ɓarin jiki, ta kira motar ɗaukar marasa lafiya ta 997. Sun iso mana wajen ƙarfe tara, an riga an yi awa goma sha biyu. Allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, don haka wannan ƙofa ta rufe. Hoton kai ya nuna toshewa a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye, kuma likitoci ba su ga gudan da za a iya zarowa ba. Hawan jininta ya kai 190 bisa 105.

Ƙa'idar aikinmu ita ce duk wanda aka kawo da wannan ciwo ba a ba shi komai ta baki, ko ƙwayar magani, sai an gwada haɗiyarsa. Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Lafiyayye ba ya lura da aikin da maƙoshinsa ke yi: harshe ya tura loma baya, maƙogwaro ya ɗaga sama, murfinsa ya rufe hanyar iska, numfashi ya ɗan tsaya, loma ta wuce hanyar abinci, duk a cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Idan ƙwaƙwalwa ta taɓu, wannan jeri yakan yi jinkiri, kuma ruwa ba ya jira. Shi ne abin da ya fi komai gudu, saboda haka shi ke fara faɗawa hanyar huhu.

Na gwada ta da ma'aunin GUSS, wanda aka tsara a Ostiriya aka wallafa a 2007. Matakin farko ba ruwa ba abinci. Ana duba abu biyar: ko mutum yana farke na tsawon minti goma sha biyar, ko zai iya yin tari da kansa, ko zai iya haɗiye yawunsa, ko yawu na dalala, ko murya ta canza bayan haɗiya. Na ce, "Hajiya, ki yi mini tari." Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta haɗiye yawu da ƙyar, wani ya zubo ta gefen dama, da na sa ta ce "aa" muryar ta fito a jiƙe kamar mai kurkure maƙogwaro. Maki biyu ta samu cikin biyar. A nan gwaji ya tsaya, ba a kai ga cokali ba. Aka sa mata ƙarin ruwa ta jijiya, aka rataye allo a kan gadonta mai cewa ba a ba ta komai ta baki, da Larabci da Turanci.

Washegari likita ya ce a sa mata robar abinci ta hanci. Nan aka sha fama. A wurin mutanenmu, wanda aka sa wa roba a hanci ya kama hanya ke nan, har wata maƙwabciya ta fara kuka a bakin ƙofa. Na zaunar da 'yar na yi mata bayani: yawancin masu wannan matsala haɗiyarsu na dawowa cikin makonni, roba ta riƙon ƙwarya ce, kuma mai ciwon suga da aka bari da ledar ruwa kaɗai za ta zube cikin kwanaki. Ta tambaya ko ba gara a huda ciki a sa robar can ba, kamar yadda aka yi wa surukinta. Na ce babban binciken FOOD da aka wallafa a 2005 bai nuna amfanin gaggauta huda ciki ba, ta hanci ake farawa, sai an ga abin zai ja lokaci ake maganar waccan. Ta yarda. Aka sa roba, aka ɗauki hoton ƙirji aka tabbatar bakinta yana cikin tumbi, aka fara abinci kaɗan kaɗan, ana duba suga da gishirin jini.

Kwana na huɗu

Na karɓi aikin safe na tarar da ita tana haki. Zafin jiki 38.7, numfashi 28 a minti, iskar oksijin da ke jininta ta sauka zuwa kashi 89 cikin ɗari. Hoto ya nuna ciwon huhu a ƙasan huhun dama, wurin da abin da ya ɓace hanya ya fi sauka, domin reshen hanyar iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Aka tsayar da abinci na ɗan lokaci, aka sa mata iskar oksijin da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Farkon abin da na zarga shi ne roba. Na zuƙo ruwan ciki na ɗiga a takardar gwajin tsami, ya nuna 4. Duk abin da bai wuce 5.5 ba alama ce roba na cikin tumbi. Alamar da muka yi a bakin hanci ma ba ta gusa ba.

Da na haska bakinta da tocila na ga abin da ya faru. Harshe ya yi fari fat da datti, dasashi ya bushe, kuma a cikin kumatun dama, ɓangaren da ba ta ji, akwai wani abu baƙi mai danƙo da ya manne. Na ciro shi da auduga. Dabino ne.

Da rana 'yar ke zama da ita. Da dare ƙanwar Hajiya ce murafiƙa, wato mai zaman jinya, wata dattijuwa da muke kira Inna, wadda ba ta daɗe da zuwa daga gida ba, ba ta jin Larabci, ba ta karanta boko. Duk bayanin da aka yi, 'yar aka yi wa, da Larabci, da rana. Ni da nake jin yarenta ban taɓa tsayawa da ita ba, saboda aikin safe nake yi, tana tafiya ina shigowa. Allon nan na kan gado bai gaya mata komai ba. Wannan giɓi namu ne, kuma har yau yana damuna.

Na jira ta da yamma. Na gaishe ta, na tambayi gajiyar jinya, sannan na ce, "Inna, da dare Hajiya takan nemi ruwa?" Ta ce, "Wallahi 'yar nan, leɓenta har tsagewa yake. Ta kalle ni, ta kalli gora. Ina zan iya? Zamzam ce fa, da tofi a ciki. Cokali uku nake ba ta, in ɗan murje ajwa in shafa mata a baki don ta ji ɗanɗano. Kuma ko sau ɗaya Yaya ba ta ƙware ba, da ta yi tari da na bari."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce tushen lamarin. Mu duka mun taso da sanin cewa idan ruwa ya bi ta wata hanya mutum zai ƙware, ya yi ta tari har hawaye. Tarin nan shi ne mai gadin huhu. A wasu masu shanyewar ɓarin jiki mai gadin ya kwanta: maƙogwaro ba ya jin abin da ya shige shi, ruwa ya gangara huhu shiru, majinyaci yana kallonka. Inna ta yi amfani da ma'aunin da kowa ya sani, kuma a jikin yayarta ma'aunin ya daina aiki.

Ban ɗora wa zamzam laifin duka ba, kuma ba don in kwantar wa Inna hankali ba ne. Tsabtataccen ruwa kaɗan huhu na iya shanye shi. Abin da ke kawo ciwo shi ne abin da ruwan ya kwaso a hanya: ƙwayoyin cutar da suka taru a bakin da ya kwana huɗu ba a wanke shi sosai ba, ga zaƙin dabino yana ciyar da su, ga mai ciwon suga. Kuma Inna tana ba ta ne a kwance. Ko ba a ba ta komai ba, yawunta kaɗai yana iya sauka da dare da wannan datti. Wanke baki kuwa aikinmu ne, an rubuta shi a takarda, amma idan ɗaki ya cika shi ake fara sassautawa, da tunanin ai ba ta cin komai.

Abin da muka canza

Ban ce wa Inna ta daina ba ta zamzam ba. Na san ba za ta iya ba, kuma ban ga dalilin raba mace mai shekara hamsin a Makka da ruwan da ta yi imani da shi a ranar da ta fi bukatarsa ba. Dama kafin kowane abinci da bayansa, da bayan kowane magani, muna wanke roba da ruwa mililita 30. Na nemi izinin likita a yi wannan da zamzam daga gora mai hatimi, ya amince. Inna ta riƙa yin addu'arta a kan ruwan, ni ko abokiyar aikina mu zuba ta sirinji tana kallo. Na nuna mata da yatsa a wuyana: "Inna, ga hanya biyu nan. Ta gaba ta iska ce, ta baya ta abinci. Robar nan ta baya ta bi. Zamzam ɗin yana isa cikinta, ba ya ratsewa." Ta ce, "To ashe ma ya fi shiga."

Sannan na ba ta aiki. Duk bayan awa huɗu a ɗaga Hajiya zaune, a karkata kanta gaba kaɗan, a goge haƙora da harshe da dasashi da cikin kumatu da ƙaramin buroshi mai laushi, man goge baki ɗan ƙwaya, mu kuma mu zuƙe ruwan da na'ura. Leɓe a shafa masa auduga da aka tsoma a zamzam aka matse. Ta so yin amfani da asuwaki, na ce a bari tukuna saboda zaruruwansa na iya gutsurewa. Tun daga ranar ban sake ganin bakin majinyaci mai tsabta kamar na Hajiya ba. Kan gado kuma ba ya sauka ƙasa da digiri 30 zuwa 45 lokacin abinci da awa ɗaya bayansa. Na ɗaura wani ƙyalle a ƙarfen gado a daidai tsayin, don duk wanda ya gyara mata kwanciya ya san inda zai mayar.

Sau biyu ta fizge robar da hannun hagu. Aka fara maganar sa mata safar hannu mai kauri. Na lura duk lokacin da aka yi mata magana da Larabci sai ta kau da kai, alhali ta shekara hamsin tana ciniki da shi, amma idan aka yi Hausa sai ta tsaya ta saurara. Na roƙi a ba ni kwana biyu. Kullum kafin a taɓa robar sai an gaya mata da Hausa abin da za a yi, Inna kuma ta riƙe mata hannu da carbi a ciki. Ba ta sake cirewa ba. Zazzaɓi ya sauka a kwana na bakwai.

Komawa ga cokali

A kwana na goma ƙwararriyar magana da haɗiya ta kai ta ɗakin hoto, aka ba ta abubuwa masu kauri daban daban da aka gauraya da bariyom, wani sinadari da ke fitowa a hoto, ana kallon yadda suke wucewa. Na tafi da 'yar don ta gani da idonta. Ruwa tsinke ya shiga hanyar iska, Hajiya ko gezau. Mai kauri kamar talge ya wuce lafiya, musamman idan ta juya kanta zuwa dama, ɓangaren da ya shanye, domin hakan na matse wannan gefe ya tura loma ta gefen lafiya. Wannan dabara ta dace da ita ne saboda an gwada an gani. Ba kowa take yi wa aiki ba, kada a kwaikwaya a gida.

Asibitoci da yawa yanzu suna bin ma'aunin IDDSI, mai hawa takwas daga 0 zuwa 7. Sifili ruwa ne tsinke, 7 abincin kowa. Aka ɗora Hajiya a hawa na 4: abu mai sulɓi, ba gudaji, wanda ke zama a cokali, idan aka karkata ya faɗo dunƙule ɗaya. Abin sha kuma hawa na 3. Abincin asibiti ta ɗanɗana sau ɗaya ta rufe baki. Mace ce da ta ciyar da dubban mutane da hannunta, ba a yi mata wayo da abin da ba gishiri ba daddawa. Mai kula da abincin majinyata ta yarda a kawo na gida bisa sharaɗi, sai muka zauna da 'yar muka bi abincinmu ɗaya bayan ɗaya.

Kunu shi ne kowa ke fara kawowa, kuma yana da tarko. Kaurinsa na sitaci ne, yawu kuwa yana narkar da sitaci. Idan cokali ya shiga baki ya koma kwano sau goma, kunun da aka fara da kauri zai tsinke. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan a ƙaramin kofi, in ya ƙare a ƙaro. A tace shi, kada a bar tsakin shinkafa ko gero, kuma ba sukari. Na koya wa 'yar gwajin sirinji: a cire abin turawa na sirinji mai mililita 10, a toshe baki da yatsa, a cika, a saki na daƙiƙa goma, a sake toshewa. Idan abin da ya rage ya haura 8, hawa na 3 ne. Tsakanin 4 da 8, hawa na 2 ne, bai kai kaurin da Hajiya ke bukata ba. Fura da nono mun ajiye ta sai an markaɗa an tace, domin abin da ya haɗa ruwa da gudaji ya fi komai wuya: ruwan ya riga ya gangara, baki na fama da gudajin. Haka romo mai nama, da kankana, da lemo. Shinkafa tana warwatsewa. Tuwo, wanda shi ta fi nema da ido, yana da danƙo, yana iya tsayawa a maƙoshin da ba shi da ƙarfin turawa. Abin da ya karɓe ta shi ne kabewa da dankali da kaza da aka markaɗa da ɗan daddawa, da zabadi (kindirmo), da shurba (miyar sha ta Larabawa) da aka niƙa aka kaurara.

Yadda ake bayarwa ya kai abincin muhimmanci. A zaune cak a kujera, tana farke sosai, an kashe talabijin, ba mai yi mata tambaya tana da loma a baki. Ƙaramin cokalin shayi, a ajiye ta gefen hagu na baki, a jira a ga maƙogwaro ya ɗaga, ta sake haɗiya ta biyu, sannan a ƙara. Bayan cokali kaɗan a sa ta yi magana a ji murya. In ta jiƙe, ko numfashi ya canza, ko ido ya kawo ruwa, a tsaya. A ƙarshe a duba kumatun dama, a wanke baki, ta zauna aƙalla rabin awa.

Wani abu ya ɗaure mana kai kwana biyu. Mai gashin ƙashi ta ce a bar ta ta riƙe cokali da kanta, wanda ya fi aminci saboda mai ci da kansa ya san lokacin da ya shirya. Hajiya ta ƙi. Inna ce ta gane: hannun hagu ne, ba za ta ci da shi ba. Ɗan Hajiya ya tambayi malaminsu, ya dawo ya durƙusa ya gaya mata cewa mai lalura ba laifi a kansa. Ranar ta cinye rabin kwano.

Nauyinta ya sauka daga kilo 62 zuwa 58. Muka riƙa rubuta abin da ta ci, ana rage na roba gwargwadon yadda na baki ya ƙaru. Da ta jera kwana uku tana cin fiye da kashi uku cikin huɗu, aka cire roba a kwana na 19. Kafin sallama mai harhaɗa magani ya bi ƙwayoyinta. Maganin hawan jininta irin mai sakin kansa a hankali ne, idan aka daka shi duk ƙarfin yini zai shiga jini lokaci ɗaya, don haka aka canza mata wanda ake iya niƙawa a ba ta cikin zabadi. An sallame ta a kwana na 23.

A gida

Mako biyu bayan haka 'yar ta kira ni. Hajiya na yawan barci, fitsari ya yi ja, ta kwana uku ba ta zaga ba. Ba huhu ba ne wannan karon, ƙishirwa ce. Ruwan da aka kaurara da garin ƙara kauri na kanti ba ya kashe ƙishi a baki, mutane da yawa sun tsane shi, sai su rage sha ba tare da sun faɗa ba. A garin da zafi ke haura digiri 40, a ɗaki mai na'urar sanyi da ke busar da maƙoshi, wannan haɗari ne na gaske, kuma mu masu jinya muna tsoron huhu har mu manta da ƙoda. Na ce su kawo ta a duba. Aka ƙara mata ruwa, likita ya sa mata lita ɗaya da rabi a yini. Suka sami gora suka yi mata zane huɗu, kowace salla daga asuba zuwa magariba a ga inda aka kai. Aka riƙa sanyaya ruwan, wani lokaci zoɓo marar sukari da aka kaurara, wanda ta fi karɓa.

A mako na takwas aka sake hoton haɗiya. Tari ya dawo, da ƙarfinsa. Aka sauko da abin sha zuwa hawa na 2, abinci ya hau na 6: mai laushi, an yanka bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ƙwararriyar ta ba da izinin ruwa tsinke shi kaɗai, tsakanin abinci, bayan an wanke baki, a zaune, kurɓi kurɓi. Shayi da gahawa ba su shiga izinin ba tukuna, tuwo ma haka, za a sake dubawa bayan wata biyu. Hannun dama bai dawo ba, tana jan ƙafa da sanda, maganarta kalma biyu ce zuwa uku.

Inna ce ta zuba mata kofin farko a gaban ƙwararriyar, daga gorar da ta zo da ita a jaka. Hajiya ta karɓa da hagu, ta juya kai dama, ta kurɓa. Inna ta sunkuya ta ce, "Yaya, ce aa." Muryar ta fito a bushe.